Kyamarar Fim Mai Sauƙin Kuɗi: Wacce Za Ta Jure Ranar Katsina?

Tambayar farko da matashin da ke son shiga harkar fim yake yi wa mai shago ita ce, "Tana ɗaukar 4K?" 4K shi ne hoto mai tsananin kaifi, wanda ya ninka na 1080 da aka saba sau biyu a faɗi da tsayi. Mai shago ya ce ƙwarai kuwa, a zaro kuɗi a biya. Bayan sati biyu a fita lokeshan a bayan Ƙofar Guga cikin watan Afrilu, rana ta take, jarumi na tsaye cikin babbar riga gumi na tsiyaya, sai alamar zafi ta fito a fuskar kyamara ta kashe kanta ana tsakiyar magana. Batir biyun da aka zo da su sun ƙare tun kafin Azahar. A dawo gida a zuba abin da aka ɗauka a kwamfuta, ita ma ta riƙa sandarewa. Duk wannan ba ya cikin takardar da ke jikin kwali.

Kyamarar da za ta yi maka aiki a Katsina ko Daura ita ce wadda za ta jure zafi, ta jure ƙura, ta zauna lafiya da halin wutar Nepa, sannan kwamfutar da kake da ita ta iya ɗaukar abin da ta haifa. Yawancin kyamarorin nan kamfanoninsu sun rubuta cewa iyakar zafin da aka yi su su yi aiki a ciki digiri 40 ne, mu kuwa a bazara mukan wuce haka ko a inuwa. Masu kallonka kuma, mafi yawansu a waya suke kallo ta YouTube suna lallaɓa data. Hoto na 1080 mai tsabta da magana mai fita tar ya ishe su. Amfanin 4K da ba a musu shi ne wajen editin: idan fim ɗin a 1080 zai fita, kana iya kusanto da hoton ninki biyu ba tare da ya dushe ba, ka fitar da fuskar jarumi daga ɗaukar da aka yi daga nesa. Amfani ne babba, amma bai kai a zuba masa dukkan jari ba.

Shawarata kan rabon kuɗi, idan abin da ke hannunka kashi goma ne, kada jikin kyamara ya ci fiye da huɗu. Biyu na gilashin gaba, biyu na kayan sauti, biyun da suka rage na batura, katin memori, rumbun ajiya, tabarau na rage haske da ƙafar dasa kyamara. Wanda ya kwashe tara ya sayi jiki, fim ɗinsa zai fito da hoto mai ƙyalli da muryar da ba a ji, mai kallo kuwa yakan yafe hoto mai ɗan duhu amma ba ya minti biyu da sautin da iska ta cinye.

Mu fara daga ƙasa. Canon 600D, wadda ta fito a 2011, da ƙanwarta 700D ta 2013, su ne mafi araha, kuma sun cika hannun masu ɗaukar biki. Wannan yawan nasu shi ne babbar falalarsu: batir ya mutu, ka samu aro a gari, gilashi ya fashe, akwai na hannu a Kano. Kalar fatar mutum a Canon tana da daɗin kallo tun daga cikin kyamara ba sai an sha wahalar gyara ba. Don koyon aiki da gajerun fina-finai ba ta da laifi. Sai dai kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. 600D tana tsayawa da kanta idan fayil ya kai gigabayit 4, wato wajen minti 12. Ba ta da ramin hedifon, ba ka jin abin da take naɗa. Hotonta na 1080 yana da taushi, kuma akwai wata cuta da ta fi damunmu fiye da kowa: tana tsallake layuka a kan sensa, wato farantin cikinta da ke karɓar haske, kafin ta haɗa hoton bidiyo, saboda haka duk abu mai ƙananan zane a jere, irin aikin wuyan riga, zanen hula, saƙi ko kwanon rufi daga nesa, sai ka ga yana rawa yana fitar da wasu launuka da babu su. Ba a gyara wannan a editin. Maganinsa tun a lokeshan ne, a canja rigar, ko a matso, ko a bar bangon ya ɗan dushe. Idan kuɗi ya ɗan ƙaru, 80D ta 2016 ta fi: tana da ramin hedifon, tana bin fuska da kanta ba tare da ta yi ta lalube ba. Canon M50 kuwa a yi hattara da ita. An rubuta mata 4K, amma da ka kunna shi sai hoton ya tsuke sosai, kuma saitin nan mai kyau na bin fuska ya daina aiki. Ga shi Canon sun daina yin wannan jerin na M.

Sony a6400 ta 2019 da ZV-E10 ta 2021 su ne na mutumin da yake aiki shi kaɗai, shi ne darakta shi ne mai ɗauka. Saitinsu na kama fuska abin dogaro ne, jaruma ta taso daga bakin ƙofa har gaban kyamara fuskarta ba za ta dushe ba. 4K ɗinsu yana da kaifi, ba su da iyakar minti 30 da ke tsayar da ɗauka a wasu kyamarori, kuma sun fi sauran na wannan farashi haƙuri da duhu. Matsalolinsu uku. Batirinsu, NP-FW50, ƙarami ne ƙwarai, yinin ɗauka yana son biyar ko shida, ko kuwa ka jona fawa banki ta ramin USB ka ɗaure shi a jikin ƙafar kyamara. Na biyu, idan ka juya kyamara da sauri a 4K, ginshiƙi da bango sai su karkace kamar za su faɗi, domin sensar tana karanta hoton daga sama zuwa ƙasa a hankali. Kuma babu abin hana girgiza a jikinsu, sai ƙafa ko gimbal, wato mariƙin hannu mai daidaita kyamara. Na uku shi ne zafi. Shiga menu ka nemo inda aka rubuta Auto Power OFF Temp ka mayar da shi High, ka janye fuskar kyamara daga jikinta don iska ta ratsa, ka sa wani ya riƙe lema a kanta, ka kashe ta tsakanin ɗauka da ɗauka. Tsohuwar a6300 ta 2016 ta yi suna wajen ɗaukar zafi, ko an rage maka kuɗinta ban ba ka shawara ba in dai a waje za ka yi aiki. Tsakanin biyun kuma, ZV-E10 tana da ramin hedifon amma ba ta da wurin leƙawa da ido, a6400 tana da wurin leƙawa amma babu hedifon. Da rana tsaka a filin Kangiwa fuskar kyamara baƙi ƙirin take komawa, ba ka ganin komai, a nan ne za ka san darajar wurin leƙawa.

Wadda na fi natsuwa da ita ga mai shirya fim mai dogon zango da 'yar tawagarsa ita ce Panasonic GH5. Ta fito a 2017 a kan dala 1,999, yanzu ta hannu ta sauko ƙasa sosai. An gina ta don bidiyo. Ba ta da iyakar lokaci, kuma ba a san ta da kashe kanta saboda zafi ba. An toshe gaɓoɓinta don ƙura da yayyafi. Tana da ramin kati biyu, kana iya sa ta rubuta abu ɗaya a kan duka biyun lokaci guda, idan kati ɗaya ya lalace ɗayan na nan. Duk wanda ya san wahalar sake tara jarumai bayan an watse ya san wannan kaɗai ya isa dalili. Tana da abin hana girgiza a jikinta, ana iya ɗauka a hannu a lungun da ƙafa ba za ta dasu ba. Ramin HDMI ɗinta, inda ake jona allon kallo na waje, babba ne, ba irin ɗan ƙaramin nan na Sony da ke karyewa idan an fizgi waya ba. Sannan tana ɗaukar kala mai zurfin 10-bit. Bambancin shi ne 8-bit yana da matakai 256 a kowane launi, 10-bit yana da 1,024. Za ka gan shi a sararin sama gab da Magariba, ko a bangon ɗaki mai fenti ɗaya: a 8-bit, da an taɓa kala a editin sai wurin ya rabu layi-layi, a 10-bit ya tafi sumul.

Laifinta biyu ne, kuma na gaske ne. Saitinta na kai-da-kai, wato yadda take kaifafa hoton mutum da kanta, ba abin yarda ba ne a bidiyo, yana kai-komo, bango ya riƙa numfashi a bayan mutum. Da hannu ake saita ta. Kunna alamar nan mai kala da ke fitowa a gefen duk abin da ya saitu, ka yi wa jarumai alama a ƙasa da alli ko dutse, ka gwada tafiyar sau biyu kafin a ɗauka. Na biyu, sensarta ƙarama ce, idan ISO, wato lambar ƙara wa hoto haske a duhu, ya haura 1600 hoto yakan fara yashi, musamman a inuwar fuska. Sin ɗin dare a tsakar gida yana bukatar fitila ta gaske. Kuma ka sani GH5 ta farko ba ta cin wuta ta USB, sai dai batirin nan na roba mai waya da ake zura mata a ramin batir. Wani abin kuma, fayilolinta na 10-bit suna da nauyi ga tsohuwar laftof, har manhajar editin ta DaVinci Resolve ta kyauta a kan Windows an san ta da ƙin buɗe su. Kafin ka biya kuɗi, karɓi fayil na minti ɗaya ka kai wa wanda zai yi maka editin ya gwada. Idan ta ƙi, ɗauki 8-bit, ko a yi ƙananan kwafi marasa nauyi a yi aikin da su, a mayar da na asali lokacin fitarwa.

Akwai wata da matasa ke rainawa don ba ta da 4K, Canon C100 Mark II ta 2014. Ni kuwa ina ganin fim ɗinmu na Hausa, wanda rabinsa da kwata zama ne a falo ko zaure ana magana, kamar don shi aka yi ta. Tabarau na rage haske a cikinta yake, mataki 2, 4 da 6, kowane mataki yana rage rabin haske, da yatsa ɗaya ake juya shi. A hannunta na sama akwai ramin XLR biyu, ka jona babban makirfo kai tsaye, sauti da hoto su fito a fayil ɗaya babu wahalar haɗawa. Tana da fanka a ciki. Batir ɗaya yakan yi awoyi. Tana karɓar gilasan Canon ɗin da suka cika kasuwa. Fayilolinta ƙanana ne, awa ɗaya a nauyin ɗauka na 24Mbps ba ta wuce gigabayit 11, kowace kwamfuta za ta ja. Abin da za ka rasa shi ne damar kusanto da hoto a editin, kuma kalarta ba ta son a matsa mata da gyara, dole a daidaita haske tun wurin ɗauka. Lissafa kuɗin tabarau da na'urar naɗar sauti da tulin baturan da za ka saya wa ƙaramar kyamara, ka kwatanta, sau da yawa tazarar ba ta kai yadda ake zato ba.

Blackmagic Pocket 4K ta 2018 ita ce mai jan ido, kuma da gaskiyarta. Hotonta ya fi na duk waɗanda na ambata kama da na sinima, tana riƙe haske da inuwa a lokaci guda, sabuwarta tana zuwa da lasisin DaVinci Resolve Studio. Amma dokin sarki ce, sai mai abin ciyarwa. Batirin cikinta ba ya cika awa, dole a ɗaura mata babba irin NP-F970 ko V-mount. Ba ta bin fuska da kanta, ba ta da abin hana girgiza, fuskarta ba ta juyawa kuma rana tana kashe ta. Tana da ramukan shan iska, ƙurar hunturu na samun hanya. Ko a mafi matsewar tsarinta na 12:1, 4K yana cin wajen gigabayit 100 a awa. Fim mai kashi goma sha uku, ka lissafa rumbun da zai ci, sannan ka ninka biyu don ajiyar ko-ta-kwana. Wanda yake da kwamfuta mai ƙarfi da wanda ya iya gyaran kala, ya saya. Wanda ba shi da su, hoton da zai fitar sai ya fi na 80D muni, domin ɗanyen hotonta fari-fat yake fitowa kamar an wanke shi da omo, sai an dafa. Sony FX30 ta 2022, mai fanka da 10-bit da saitin fuska mai kyau, ta haɗa kusan komai, sai dai dala 1,799 da ta fito a kai ya fitar da ita daga sahun masu araha. Irinta haya ta fi, a ɗauko daga Kano na kwanakin da ake bukata.

Idan aikinka na tarihi da al'ada ne, hawan Sallah a Ƙofar Soro, Hawan Magajiya ko Sallar Gani a Daura, to lissafin ya canja. Doki ba ya jiran ka canja gilashi. Ƙura ta turnuƙe, mahaya sun zaburo za su yi jafi, kana bayan dogarai ba halin matsowa. A nan kyamarar bidiyo ta ainihi mai dogon zum a manne, irin Sony NX100, ta fi duk waɗancan, domin ba a buɗe cikinta balle ƙura ta shiga, kuma daga inda kake za ka jawo fuskar mahayi. Ɗauki sukuwa a firem 50, wato hotuna 50 a sakan, da shota 1/100, wato tsawon lokacin da kowane hoto ke shan haske, don ka iya rage gudunta daga baya. Ka kuma rage ƙarfin sauti tun kafin 'yan bindiga su iso, harbi ɗaya yana fasa sautin da aka saita don kalangu da algaita. Wanda kuma ba shi da kuɗin ko ɗaya, wayar hannu mai kyau da manhajar Blackmagic Camera, wadda kyauta ce, tana ba shi damar kulle shota da kala da hannu, ya zuba kuɗinsa a makirfo.

Ko wacce ka saya, akwai saitin da ba a wasa da shi a ƙasar nan. Wutar lantarkinmu tana bugawa sau 50 a sakan. Ka sa kyamara a tsarin PAL, firem 25, shota 1/50. Wanda ya bar ta a firem 30 da shota 1/60, yadda ta zo daga Amurka, zai ga baƙaƙen layuka suna gangarowa a hoton duk inda aka kunna ƙwan lantarki. Wasu kyamarorin da aka yi don kasuwar Amurka, kamar Panasonic G7, ba su da firem 25 gaba ɗaya. Idan irinta ta faɗo hannunka, bar shota a 1/50 ko 1/100, layukan za su tafi. Ƙaramin janareta kuma gudunsa ba ya tsayawa wuri ɗaya, yana hawa yana sauka, saboda haka ko ka saita daidai ƙwan zai iya yin ƙifce. Kashe ƙwayayen ɗakin, ka haska da fitilun LED masu cin batirin NP-F. Ribar biyu ce, ka huta da ƙifce, ka huta da ƙarar inji a cikin magana. Ƙwayayen kasuwa masu araha ma kore-kore suke zubawa a fata.

Shota 1/50 kuwa tana jawo wata larura. Da rana tsaka a ISO 100, sai ka tsuke ƙofar gilashi har wajen f/22, wato ƙofar ta koma 'yar mitsitsiya, kafin haske ya daidaita. A nan komai zai fito a saite tun daga hancin jarumi har bishiyar da ke bayan gari, hoton ya rasa zurfi, duk ɗigon ƙurar da ke kan sensa ya bayyana. Daga f/22 zuwa f/2.8 mataki shida ne, kowane mataki rabin haske, wato kana bukatar tabarau mai lamba ND64. Idan kana ɗauka da tsarin log, wato ɗanyen hoto mai fari-fat da ake gyara kalarsa daga baya, wanda ke farawa daga ISO 800, ƙara mataki uku. Masu gudun sayen tabarau sukan ɗaga shota zuwa 1/2000, sai motsin mutane ya riƙa tsinkewa kamar ana fizgar su. Tabarau mai juyawa ya fi sauƙin aiki, amma kada ka kai shi ƙarshe, wani baƙin gicciye yake fitowa a tsakiyar hoto. Sayi mai faɗin 77mm ko 82mm guda ɗaya da zobban rage faɗi, ya hau kan duk gilasanka.

Babban gwajin kyamara a ƙasar Hausa shi ne baƙin mutum cikin farar shadda a rana. Ka buɗe don fuska ta fito, riga ta ƙone ta zama farin fili babu aiki babu ninki. Ka rufe don riga, fuska ta nutse a ƙarƙashin hula. Kunna alamar zebra, wato layukan da ke fitowa a inda haske ya yi yawa, a 95 ko 100, ka rage haske har layukan su bar jikin rigar, sannan ka ɗago fuskar da farin allo ko abin mayar da haske daga ƙasa kaɗan. Juya jarumi rana ta kasance a bayansa ko gefensa. Mafi sauƙi duka, a roƙi mai kula da sutura ya kawo ruwan madara ko ruwan toka mai haske maimakon fari tas, a kyamara fari zai fito. Ka kuma tsara sin ɗin waje da safe kafin ƙarfe goma ko bayan La'asar. Wanda ya ga jar ƙasar Hasumiyar Gobarau da hasken ƙarfe biyar na yamma ya san kowace kyamara tana yin kyau a wannan lokacin.

Wajen gilashi akwai kuskuren da ake ta maimaitawa. A sayi 50mm f/1.8 don yana da araha kuma yana narkar da baya. Gilashi ne mai kyau. Amma a kan 600D ko 80D ana ninka lambarsa da 1.6, ya koma kamar 80mm. A Sony ɗin nan da 1.5, a GH5 da 2, ya zama 100mm. Ka shiga ɗaki mai ƙafa goma sha biyu, ka manna bayanka da bango, mutum biyu a kan kujera ba za su shiga hoto ba. Gilashin farko ya zama mai zum da ƙofa tsayayya: 17-50mm f/2.8 na Tamron ko Sigma a Canon, 12-35mm f/2.8 a GH5. A Sony, Sigma 16mm f/1.4 na cikin ɗaki ne. Mai GH5 ko Pocket 4K yana iya sa adafta mai lamba 0.71 irin ta Viltrox, ya hau gilasan Canon, hoton ya ƙara faɗi kuma ya samu ƙarin haske mataki ɗaya. Jikin kyamara yana tsufa, gilashi mai kyau kuwa zai bi ka zuwa kyamara ta gaba, a nan ne sayen nagari yake mayar da kuɗi gida.

Sauti kuma doka ɗaya ce, kusanci. Makirfo mai araha a tazarar kamu biyu daga baki ya fi mai tsada da ke kan kyamara a ƙarshen ɗaki. Dogon makirfo a kan sanda daga sama, bakinsa na kallon ƙirjin mai magana, da gashin nan na tare iska idan a waje ne. Na'urar naɗa irin Zoom H5 ko Tascam DR-60D, a 48kHz, allurar ƙarfin sauti tana kaiwa -12 idan an ɗaga murya. Ƙaramin makirfo na maƙalawa yana da amfani, amma sabuwar shadda mai sitati tana ƙara duk motsin da aka yi, sai an manne shi da filasta yadda yadi ba zai goge shi ba. A kashe fanka da firji, a tafa hannu a gaban kyamara farkon kowace ɗauka, a naɗi shirun ɗakin na minti ɗaya kafin a tashi. A kuma san lokutan kiran salla a tsara hutu a kansu.

Katin memori lissafinsa a fili yake. 100Mbps yana cin gigabayit 45 a awa, katin 64 zai ba ka awa ɗaya da minti ashirin da wani abu. Nemi mai alamar saurin rubutu ta V30. Tsarin GH5 na 400Mbps yana son V60 kuma yana cin 180 a awa, ba ka bukatarsa. Jabun kati ya yi yawa, an rubuta 128 alhali cikinsa bai kai ba, zai yi ta karɓa, sai an zo buɗewa a tarar da fayiloli matattu. Gwada kowane sabon kati da manhajar H2testw kafin ya je lokeshan. A cikin kyamara ake goge kati, ba a kwamfuta ba, kuma ba a goge shi sai abin da ke ciki ya zauna a rumbu biyu daban-daban.

Yawancinmu ta hannu za mu saya, daga Kano ko Ikko, kuma zuwa da kai ya fi aike. Tafi da katinka da laftof. Kunna ɗauka a mafi girman tsarinta ka bar ta minti talatin zuwa arba'in kana zaune, ka ga ko za ta yi zafi. Tsuke gilashi zuwa f/16 ka ɗauki farin bango: ɗigo-ɗigo ƙura ce, tana gogewa, dogon layi kuwa ƙarzuwa ce, ka ajiye musu abinsu. Rufe murfin gilashi, ka kai ISO 3200, ka ɗauki sakan goma, ka duba a laftof ko akwai ɗigon ja ko shuɗi da ba ya motsi. Jona makirfo da hedifon ka girgiza wayar a hankali, idan sauti yana yankewa ramin ya saki. Haska tocilan ta cikin gilashi, kayan da suka daɗe a gari mai laima sukan yi wani farin zare kamar yanar gizo a ciki, kuma yaɗuwa yake. Dubi kan kusoshi, idan sun cinye an taɓa buɗe ta. Tabbatar menu yana da Turanci, domin wasu na Sony da Panasonic da aka yi don kasuwar Japan harshensu kaɗai suke ji. C100 tana nuna awoyin da ta yi aiki a cikin menu, a duba. Idan kyamara biyu za ku haɗa a sin ɗaya, su zama na kamfani ɗaya, in ba haka ba fatar jarumi za ta riƙa canja launi duk lokacin da aka yanka.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuma, kada a canja gilashi a fili. A shiga mota ko ɗaki, a kashe kyamara, a kifa bakinta ƙasa, sabon gilashin yana hannu a shirye kafin a cire tsohon. Da an dawo gida a bi jikinta da burushi mai laushi tukuna, sannan a buɗe. Sensa da 'yar robar hura iska ake fara mata, ba da baki ba, ba da gefen riga ba. Idan ɗigon ya ƙi tashi, akwai tsinken goge sensa daidai faɗinta da ruwansa, ɗigo biyu, shafa ɗaya daga gefe zuwa gefe, a jefar da tsinken. Gilashi ma a hure shi kafin a sa ƙyalle, domin ƙurar hunturu yashi ce, kowace shafa a kanta zane take bari.